Tarihin kube da kayan da ake rataya mashi, daga Gobir zuwa kasuwar Layya



In Sallar Layya ta matso, maƙera da masu washin wuƙa ba su da hutu, don kowane magidanci yana son wuƙar da za ta yi mashi yanka da fiɗa ba ta ba shi kunya gaban yara ba. Sai dai in kun lura, mutum zai tsaya ya yi dogon ciniki a kan wuƙa, ya gwada kaifinta ga akaifa, amma kube ko tambayarshi ba ya yi. A naɗe mashi ita cikin takardar siminti ko guntun kwali, ya cusa aljihu ya hau moto. Kakanninmu ba haka sunka ɗauki kube ba. A wurinsu wuƙar da ba ta da kube ba ta gama ƙira ba, kuma duk abin da kunka gani rataye ga tsohon kube, zobe ne, hamila ce, tuntu ne ko ɗan kumburin nan na laya, wata bukata ce ta kawo shi kafin ya zama ado. Shi ya sa yau za mu bi tarihin waɗannan kaya, don wanda ya san aikin kowane ɗaya shi ne zai san abin da zai ce wa baduku ya ɗinka mashi.

Kube ɗaya hannu da yawa ke taruwa a kanshi. Akwai mai akuya, wadda a ƙauyukanmu galibi mace ce. Akwai mahaucin da ya feɗe fata bai huda ta ba. Daga nan sai majemi, sannan baduku, in kuma kuben na manya ne sai maƙerin fari ya sa mashi tagulla a baki da tsini. Maƙerin baƙi nashi ruwan wuƙa ne kawai.

Aikin majemi shi ne gindin komai. Yana jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare shi, ya sa ta cikin ruwan fataka ko kashin tsuntsaye don ta yi laushi, sannan ta kwanta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Bagaruwar nan ita ke mai da ɗanyar fata ta zama jemammiya wadda ba ta ruɓewa. Bayan haka a shafe ta da mai, a murje, a shanya. Launi ma daga daji da gona yake fitowa: ja daga karan dafi, wata irin dawa da ake nomawa don rini kawai, rawaya daga gangamau, kore daga tsatsar jan ƙarfe. Baƙin da dukawa ke zane da shi, wanda ake kira kuloko, daga kashin maƙera da guntayen ƙarfe ake haɗa shi, kuma dalilin baƙin shi ne duk inda ƙarfe ya gamu da ruwan bagaruwar da ke cikin fata, wurin baƙi yake komawa. Ku riƙe wannan magana, za ta yi mana amfani can gaba.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. Tun farkon ƙarni na 16, Hasan al-Wazzan, wanda munka karanta a lakkol da sunan Léon l'Africain, ya rubuta cewa a ƙasar Gobir akwai masu ɗinkin takalma da ake ɗaukar kayansu har Tumbutu da Gawo. Gobirawa kuwa sun yi zama a Birnin Lalle, wajen Dakoro na yanzu, kafin su gangara Alkalawa, ke nan labarin na gidanmu ne. Shekaru ɗari uku da wani abu bayan haka, Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya shiga Agadas a 1850, ya biyo ta Tasawa da Katsina ya isa Kano a farkon 1851. Ya yaba aikin fata na Agadas, kuma ya ba da labarin jajayen fatu da ake rinawa da ruwan karan dawa ana kai su da yawa har Tarabulus.

Hanyar Tarabulus ɗin nan ta ƙofarmu take bi. Ayari ya taso daga Kano, ya sauka Zongon Damagaram, ya bi ta Damargu da Abzin zuwa Gat da Gadamas. Cikin kayan raƙuma akwai hauren giwa, gashin jimina da ƙullin jemammun fatu, ga kuma bayin Allah da ake kora a sayar, wanda shi ma tarihi ne da ba a ɓoyewa. Malam Yaro, babban attajirin Damagaram na ƙarshen ƙarni na 19, da fataucin hamada ya yi suna. Fatar in ta ƙetare teku sai Turawa su kira ta da sunan Maroko, saboda daga tashoshin arewacin Afirka take iso masu. Kalmar maroquinerie da kuke gani rubuce a ƙofar wasu shaguna a Yamai daga nan ta samo asali, alhali kaso mai yawa na wannan fata ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce.

To, a zamanin da fatu ke tafiya arewa, a gida kuma yaƙi ake yi, kuma yaƙin nan ne ya tsara siffar kube. Bayan jihadi, Katsinawan da sunka bar birninsu sun kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa sunka kafa Tsibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Tun daga nan har zuwan Nasara, hari bai yanke ba tsakaninsu da ƙasashen Sakkwato, kuma sunan Ɗan Baskore har gobe yana bakin makaɗa saboda haka. A gabas, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har igwa anka ƙera mashi a cikin gari. Sarkin da ke da mahaya haka ba ya rabuwa da dukawa, domin sirdi, linzami, kwari, takalmin hawa da kube duk daga hannunsu suke fitowa. Shi ya sa ake da Sarkin Dukawa kamar yadda ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa.

Ku dubi kuben takobi na wancan lokaci. Yana da zobba biyu a gefe, a nan ake ɗaura hamila, igiyar da mahayi ke ratayawa a kafaɗa. Mutumin da ke bisa doki, hannu ɗaya ga linzami ɗaya ga mashi, ba zai iya soke takobi a ƙugu ya zauna daidai cikin sirdi ba, sai ya rataya shi ya kwanta a haƙarƙari. Zobba biyun su ke hana takobi lilo, su tsai da ƙota inda hannu zai same ta. Ƙarfen da ke bakin kube yana hana kaifi yanke fata wajen zarewa da maidawa, na tsini kuma yana hana takobi huda ƙasan kube ya soki doki ko mai shi. Tuntu ma da ke reto ƙarshen hamila, asalinshi ƙulli ne da ke hana saƙar igiya warwarewa. Daga baya ne anka riƙa ƙawata shi da alharini da launi iri-iri, har ya zama ana gane girman mutum daga tuntun takobinshi.

Sai wuƙar hannu, wadda a ganina babu dabarar kube da ta kai ta. Maimakon a rataya ta, sai a ɗinka wa kuben wani zagayayyen zobe na fata kamar munduwa, mutum ya zura hannun hagu a ciki. Abzinawa, da ke kiranta telek, suna sa ta a cikin hannu tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ƙota na kallon tafi, hannun riga ya rufe ta. Tubawa na wajen Kawar da Tasker sun fi ɗaura tasu a damtse. Hausawa ma sun yi amfani da ita, mahaya da matafiya. Amfaninta a fili yake: hannu biyu duk suna sake, ko kana jan akalar raƙumi ko kana jan guga, wuƙa ba ta faɗuwa cikin rairayi, kuma in an kama ka ta baya hannun dama na isa gare ta. Wani bambanci da ya kamata a sani shi ne, wajen Abzinawa maƙeri namiji ke ƙera ƙarfe, matan gidan maƙera su ke aikin fata, alhali a ƙasar Hausa dukanci sana'ar maza ce da ɗa ke gada wajen uba. Kasuwannin Tawa, Abalak da Tanut sun daɗe suna haɗa hannayen nan biyu, shi ya sa za ka ga kube mai ɗinkin Hausa da koren ado irin na Abzin.

Amma fa yawancin masu wuƙa ba mayaƙa ba ne. Makiyayi ne da zai yanka dabbar da ta faɗi kafin ta zama mushe, maharbi ne da ke jiran buɗin daji, manomi ne, ɗan ayarin Bilma ne. Kayan da waɗannan ke haɗawa da kubensu sun fi na sarakuna koya mana abu. Na farko matsefata, ɗan hantsakin cire ƙaya, wanda ake haɗawa da ɗan tsinken ƙarfe cikin ƙaramin gidan fata. Duk wanda ya taɓa taka ƙayar aduwa ko ya ratsa ƙarangiya da kaka ya san ba kayan wasa ba ne, domin ƙayar da ta karye cikin ƙafa, ga tafiyar kwana uku a gaba, tana iya kwantar da ƙato. Na biyu ƙyastu da ƙanƙara da ɗan audugar kama wuta, tun ashana ba ta zo ba. Na uku ɗan dutsen washi. Na huɗu basilla da zaren fata, don in takalmi ya tsinke ko salka ta huje a gyara nan take. Wasu na ɗaure su ga igiyar kuben, wasu na zuba su cikin burgami, amma dokar ɗaya ce: abin da za ka nema cikin gaggawa ya zauna kusa da wuƙa. Wanzami ma haka ya tsara zabirarshi, kowace aska da gurbinta.

Akwai kuma laya. Maharba da ƴan tauri sun saba ɗinke laya a jikin kube ko hamila, kamar yadda suke ɗaura kambu a damtse da guru a ƙugu, da imanin tsari daga ƙarfe da miyagun daji. Malamai sun yi sabani a kan wannan, wasu sun halatta in ayoyi ne, wasu sun hana gaba ɗaya, kuma wanga shafi ba wurin fatawa ba ne. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne ɗinkin laya ya ciyar da gidajen dukawa masu yawa, kuma raguwarshi a birane na cikin abubuwan da sunka rage masu ciniki.

Canji ya zo da sauri. A 1898 anka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 sojan Faransa sunka ci garin bayan karon Tirmini. Da mulkin Nasara ya zauna, hari tsakanin sarakuna ya ƙare, takobi ya koma kayan dogarai da hawan Salla. Sannan shekarar 1911 ta zo da abu biyu a lokaci guda: jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta afka wa Tarabulus. Hanyar raƙumi ta mutu, fata ta juya ta bi kudu zuwa bakin teku. Abin da ya fi muni ga majema shi ne kamfanonin Turawa sun fi son busasshiyar fata wadda ba a jeme ba, su kai ta can su jeme da kansu. Daga ranar nan mafi kyawun fatarmu ta fara fita ba ta bi ta hannun majemi da baduku ba.

Turawan sun san darajar abin da sunka samu. Likitocin dabbobi na zamanin sun matsa a kan gyaran fiɗa da shanya fata a inuwa, sun kuma yi ta dandaƙe bunsuran da ba ja ba a yankin Maraɗi don irin jar akuya ya tsarkaka. A farkon shekarun 1960 anka buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi. Bayan samun ƴancin kai ƙasa ta gwada riƙe fatarta a gida: ga SONITAN a Maraɗi, ga SOTAPO a Damagaram, ga SNCP mai tattara fatu da ƙiraga. A Yamai, gidan tarihi na ƙasa da anka buɗe a 1959, wanda yau ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya ba masu sana'ar hannu wurin zama suna aiki baƙi na saye, daga baya ga ƙauyen masu sana'a na Wadata. Sai fari na 1973 da na 1984 sunka karya dabbobi, SONITAN ta rufe, fatu sunka ci gaba da ƙetara iyaka ɗanyu, ƙirgin shanu kuma da yawa a tukunya yake ƙarewa a matsayin ganda.

Kasuwar baƙi ta raya dukawa na wani lokaci, amma ta canza kube. Mai yawon buɗe ido bango zai rataya wuƙa, ba daji zai shiga da ita ba. Sai ado ya yi yawa, fata ta yi siriri, wani lokaci kwali ne a ciki anka lulluɓe, tuntu ya fi ɗinki ƙarfi. Da matsalar tsaro ta kore baƙin daga arewa, wannan kasuwa ma ta faɗi. Shi kuwa makiyayi da mahauci, da ya ga kuben kirki ya yi tsada na ado kuma ba ya jure aiki, sai ya koma ga guntun tiyo da robar cikin taya. Ga inda muke yau. Kokowar ƙasa da anka fara a Tawa a 1975, takobi ne babbar kyautarta, duk ƙasa na kallon sarkin kokowa ya ɗaga shi, amma da wuya ka ji an tambayi wane ne ya ɗinka kuben.

To mi za mu ɗauka daga wannan tarihi? In za ka ba baduku aiki don wuƙar gona, kiwo, farauta ko fawa, ka tafi mashi da wuƙar kanta, don kuben kirki a jikin wuƙarshi ake auna shi. Ka nemi ƙirgi mai kauri a ciki, fatar akuya a waje don kyau. Ka ce ya sa wani siririn yankin fata tsakanin ɗinki ta gefen kaifi, domin in babu shi wuƙa zare take fara ci, wata rana sai ka ga tsini ya leƙo a cinyarka. Ka zaɓi yadda za ka ɗauke ta bisa aikinka: madauki na zura ɗamara ga mai tafiya ƙasa, hamila mai zobe biyu ga mai hawa doki, raƙumi ko moto, zoben hannu ga mai jan ruwa da kiwo. A sa ɗan maɗauri mai maɓalli ko ƙulli da zai riƙe ƙota, kada ka sunkuya bakin rijiya wuƙa ta riga guga isa ƙasa. A ɗinka ƙaramin aljihu a fuskar kube don dutsen washi, wani siriri don matsefata da basilla. Inda kakanni ke sa ƙyastu, kai ka sa abin kunna wuta na zamani. Ɗan jan tuntu a ƙarshen igiya shi zai nuna maka wuƙa in ta faɗi cikin ciyawa. Fatar kada, guza ko mesa kuwa, a bar ta, namun sun yi ƙaranci kuma jami'an gandun daji na kamawa.

Sai kula. Kun tuna maganar ƙarfe da bagaruwa? Shi ne dalilin da ya sa wuƙar da anka maida kube da jini ko laima take baƙi ta yi tsatsa, kuben ma ya ɓaci daga ciki ya yi wari. A wanke wuƙa, a goge ta bushe, a shafa ɗan mai kafin a maida ta. Da damina kada a bar ta wata da watanni a ciki. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da komai, a shafa wa kube ɗan man kaɗanya ko kitse don kada ya tsage. A ƙasan kube a bar ƴar ƙofa inda ruwa da rairayi za su fita.

Akwai wani aikin kube da ba a ɗinka shi da zare. In rigima ta tashi, Bahaushe cewa yake a mai da wuƙa cikin kube. Wanda wuƙarshi ke cikin kube da maɗauri, kafin ya kwance ya zare, ya samu ɗan lokacin da zuciya za ta sauka ko wani dattijo ya riƙe mashi hannu. Kun san abin da ke faruwa lokacin kaka tsakanin manoma da makiyaya, kun kuma san yaran unguwa da ke yawo da wuƙa tsirara cikin wando. Wuƙa kayan aiki ce, wurinta gona, daji da mahauta, ba majalisa ko gidan biki ba. Haka kuma ranar Layya, wuƙar da anka aje tsirara bisa tabarma ga yara na rarrafe, kowa ya san ƙarshen labarin.

Don haka bana, in kun je sayen wuƙa, ku ƙarasa rumfar dukawa. Har yanzu suna nan a kasuwar Dole ta Damagaram, a Maraɗi, a Tawa, a Wadata, da kasuwannin mako na ƙauye. Kuɗin da za ka ba baduku yana komawa ga majemi, ga yaran da ke tsintar bagaruwa, ga mahauci, har ga matar da ta kiwata akuya. Fatar layyarku ma a feɗe ta da hankali, a sa mata gishiri ko a shanya ta a inuwa, kada a bar ta ta ruɓe bayan gida. Wanda kuma ke da tsohon kube ko hamila na kakanshi cikin adaka, ya fito da shi ya nuna wa yara, ya tambayi tsofaffin gidan sunan kowane yanki da aikinshi tun suna raye. Dattawanmu dukawa da majema da ke bin wanga shafi, kowane gari da irin sunayen da yake ba waɗannan kaya, muna jiran ku ƙara mana da naku.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya kai mu Salla lafiya.